Fankar Farfesa

Idan ana maganar masu gyaran wayarin mota, to a ajiye Farfesa gefe guda, kada a haɗa shi da gama-gari. Shi kaɗai ne a layin gareji yake aiki da farar riga irin ta likita da farar safar hannu, kuma yadda ya zo da su da safe haka yake komawa da su, fes. Shi ya raɗa wa kansa sunan, maƙwabta kuwa suka karɓa hannu bibbiyu, don sun samu abin dariya kyauta.

"Mota ba ƙarfe ba ce, ƙwaƙwalwa ce," in ji shi. "Sauran masu gyara lalube suke yi. Ni karanta ta nake."

Ran nan sai ga surukinsa, tsohon malamin makaranta, ya kawo tsohuwar motarsa. Fankar lagireto ta daina juyawa, injin yana zafi. Gobe ƙarfe goma zai kai matarsa asibiti a cire mata yanar ido, wata uku suna jiran ranar, in ta wuce sai wani sabon layin.

Farfesa ya ga ranar nuna bajinta ta zo. Ya jona na'urarsa mai fitilu, ya yi wa tsohon lacca ta rabin awa, kafin ya gano abin da hanci ya riga ya shaida wa kowa: soket ɗin fankar ne ya ƙone. Ya yanke shi. Saura wayoyi biyu, duk baƙin mai ya rufe launinsu. Goge su zai ɓata safa, don haka ya haɗa su yadda iliminsa ya ba shi. Fanka ta ɗauka fuuu! Ya juyo yana kakkaɓe hannun da ba abin da ya taɓa shi.

"Baba, ko duniya za ku zaga, wannan motar ta gama zafi."

Ba ta ko zaga kasuwa ba. Washegari suna shiga cunkoso allurar zafi ta haye, ruwa ya fara tafasa. Tara da kwata suka lallaɓo garejin, ran tsohon a ɓace, matarsa tana riƙe da katin asibiti kamar za a ƙwace.

Farfesa ya leƙa daga tsaye, don bai saba sunkuyo ba. Fanka na juyi, to ai shi ya fita.

"Aikina lafiya lau, ga shi kuna gani. Ciwon a can cikin injin yake. Sai an sauke shi, kwana uku in an yi sauri."

Tsohuwar ta fito tana dafa mota, ta tsaya a gabanta don ta ji bayanin da kyau. Mayafinta ya shiga kaɗawa, yana yin baya.

"Malam," ta ce da mijinta, don ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, "fankar yaron nan akwai ƙarfi. Amma ni aka ce ta fifita, ko motar?"

Tsohon ya ciro takarda daga aljihu, ya kara a gaban lagireto. Maimakon iska ta ja ta ciki, sai ta watso ta waje. Farfesa ya haɗa wayoyin a juye, tun jiya fankar baya take yi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Malam ya kashe mota, ya goge wayoyin da bakin rigarsa, ja ya fito, baƙi ya fito, ya musanya su. Minti biyu. Da aka tayar, takardar ta manne, allura ta fara sauka.

"Dama gwajin da nake shirin yi ke nan," in ji Farfesa, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar ta shiga mota, ta matsa gefe, ta bar ƙofar a buɗe.

"Malam, ce masa ya shigo, akwai wuri. In likitan ya gama da nawa idon, sai ya duba nasa."