Saniyar da ƙuda ya ƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗaliban likitan dabbobi suka zo garinmu ba. Ni ne fa wanda duk mai sayen saniya daga nan har Bunkure sai ya ɗauke ni na duba masa. (Firamare na tsaya a aji huɗu, amma a karatun shanu ni farfesa ne.)

Na taso daga gonar tumatir, sai na hango rumfa a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ga wata farar saniya bunaji a tsaye, yara sun yi layi, kowa ya sa safar leda har kafaɗa, ya zura mata hannu ta baya, ya zare, wani ya zura. Baiwar Allah ko motsi ba ta yi.

Raina ya ɓaci. Na jefar da keke, na kutsa.

"Kai! Ba ku da iyaye ne? Wannan karatu ne ko zalunci? Dabba ta galabaita har ta kasa kaɗa jela!"

Wata ɗaliba ta ce, "Baba, tsaya ka ji..."

"Ba zan ji ba, 'yar nan! Ciki gare ta, wata biyar. Daga nan ma na gani!"

Jama'a suka taru, har da Sale mai injin ban ruwa, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Yarinyar ta durƙusa cikin ladabi, ta zuge zif a cikin saniyar, ta zaro wata jakar roba.

"Baba, cikin wata uku muka sa mata yau. In na biyar kake so, yana mota. Ta roba ce, da ita muke koyo, don kada mu ji wa taku ciwo."

Sale ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. "Malam, duba mana haƙoranta, shekararta nawa?"

To ni ina laifina? Wa ya ce su yi mata tozo? Wa ya ce su yi mata gashin ido? Tun ranar ba wanda ya sake ɗaukata kasuwa. Sai yara in za su sayi bokitin roba su ce na zo na duba.

Abin da ya fi ƙona min rai, daga baya na tuna ko ƙuda ɗaya bai sauka a kanta ba. Yanzu kafin na yi wa saniya shari'a, sai na fara jin ra'ayin ƙuda.