Aradu Ya Sayi Babur Mai Caji

Bangon da ya raba gidan tela da na Aradu bulo ɗaya ne, shi ma ba mai kauri ba. Don haka ba za a ce tela ya yi laɓe ba. Yana zaune abinsa da yamma yana warware bakin wani wando, faɗan ne ya keto bango ya same shi.

"A kan kujerata," in ji muryar Aradu. "Ƙafafunki a kan teburina, rimot a hannun ɗan autanki, littattafai kuwa ko jaka ba su fito ba. Wannan gida ne ko tashar mota?"

"Gida ne, Baban yara. Haka yake in ba ka nan."

"Ba haka na bar shi ba."

"To wa ya ce ka shigo kamar ɓarawon kaji? Da ka jira tela yadda ka saba, da duk wannan ba ta taso ba."

Tela ya ajiye reza a kan gwiwarsa. Shekara da shekaru yana maƙwabtaka da mutanen nan, bai san yana cikin aurensu ba sai yau.

Kafin a gane ta inda ya shiga, dole a san wane ne Aradu, domin mutum irinsa ba a ambatonsa a tsaitsaye. Mataimakin manaja na biyu ne a wani kamfanin sayar da kayan gini. Kada wannan "na biyu" ta ruɗi kowa. Shi da kansa ya sha yin bayani cewa manaja sa hannu kawai ya iya, na ɗaya kuma zuwa taro, kamfanin kuwa a wuyan wani bawan Allah yake rataye, wanda kunya ba za ta bar shi ya faɗi sunansa ba. Yana da biro uku a aljihun gaba da tarin makullai a ƙugu, ciki har da na ƙofofin da aka daɗe da rushewa. In ya yi gyaran murya, yakan ɗan dakata ya ba duniya damar shiryawa.

Laƙabin Aradu ya bi shi tun da daɗewa, ya kuma karɓe shi hannu bibbiyu, domin a saninsa kwarjini ne ya jawo masa. Ba wanda ya ga amfanin gaya masa cewa sunan na tsohon baburinsa ne, wanda salansarsa ta fashe tun kafin a haifi ɗan auta. Sau da dama makanike ya ce a kawo ya liƙe ta. Aradu ya ce ba shi da lokaci.

Ƙarar baburin nan takan riga shi isa ko'ina da tazara mai kyau. Tun yana kwanar kamfani mai gadi zai kashe rediyo, ya wangale get, ya ƙame. Masinja zai sauke ƙafa daga tebur. Sakatariya za ta tura wayarta ƙarƙashin fayil ta hau buga abin da ta riga ta buga jiya. A gida ma haka: tun yana bakin layi uwargida za ta tashi daga kujerarsa ta kaɗe matashi, ta ɗora ruwan shayi, yara su kashe talabijin su buɗe littattafai, ko da a juye ne. Saboda haka Aradu ya kai shekarun girma bai taɓa ganin rufaffen get ba, bai taɓa ganin yaro ba littafi a hannu ba. Ya ɗauka haka Allah ya halicci duniya, ko kuma, in za a faɗi gaskiya, haka shi ya gyara ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Sai mataimaki na ɗaya ya sayi mota.

Aradu bai yi hassada ba. Ya faɗa da bakinsa, sau da yawa, ga mutanen da ba su tambaye shi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya gano, a cikin makon nan, cewa fetur ya zama tsohon yayi, kuma duk mai zuba shi a abin hawa yana bin bayan ayarin da ya wuce. Ran Asabar ya dawo da babur mai caji, fari sol, da ledarsa a kan kujera. Ledar tana nan har yau.

"Caji ɗaya, kilomita ɗari da ashirin," ya gaya wa mutanen layi da suka kewaye shi. "Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Babu layin gidan mai, babu baƙin mai, babu hayaƙi. Wasu sun sayi ɗaki mai taya huɗu suna ƙona dukiyarsu a cunkoso. Ni kuwa zamanin gobe na saya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Daga gidansa zuwa ofis, mai ƙafa ma ba ya gumi. Amma ba a san abin da rana za ta zo da shi ba, kuma babban mutum ba ya sayen babur daidai da tafiyarsa, sai daidai da matsayinsa. A falo baburin yake kwana, a kan tabarma, kusa da soket ɗin da a da firji ke amfani da shi. In allon ya nuna caji ya ɗan sauka, sai Aradu ya yi jugum kamar an ce masa ɗan'uwa na asibiti.

Tsohon baburin kuma ya sallama wa tela. "Ya dace da kai, maƙwabci," ya ce yana miƙa masa makulli. "Kowa da zamaninsa."

Ran Litinin ya isa kamfani ya tarar da abin da bai taɓa gani ba: get a rufe. Ya jira. Ta ƙasan ƙofa yana hango ƙafafun mai gadi a miƙe, rediyo na ta zuba. Ya danna hon. Hon ɗin ya ce "tit," kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Sai da mataimakin manaja na biyu ya sauka da kansa ya buga ƙarfe da tafin hannu. A ciki ya sami masinja a kan kujerarsa mai juyawa, yana juyi, ya soka biro uku a aljihu yana yi wa sakatariya gyaran murya. Muryar ta yi kama da tasa ƙwarai. Aradu ya yi jawabi mai tsawo a kan tarbiyyar ma'aikatan zamani, ya kuma yanke hukuncin cewa a ƙarshen makon nan ne suka lalace.

Na ofis mai sauƙi ne. Na gida ne ya taɓa shi.

Da yamma ya gangaro layi ba wanda ya ɗaga kai. Ya tsaya a ƙofar gidansa, hular kwano a hannu, sai ya ji dariya. Dariyar uwargida ce, wata irin sakakkiya mai tuntsurawa, wadda rabonsa da ita tun suna saurayi da budurwa. Ya ɗauka ta tsufa ne ta daina. Ashe tana nan, lokutan aikinta ne ba su haɗuwa da nasa.

Bai shiga ba. Ya tsaya ya kasa kunne, yana jiran sunansa. Ya shirya wa gulma, har ya fara tsara amsar da zai bayar. Suka yi hirar wasan da ke talabijin. Suka yi ta kyanwar da ta faɗa bokiti. Babbar 'yarsa ta kwaikwayi malamar lissafi, aka sake tuntsurewa. Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya ambace shi ma. Da zaginsa suke yi da ya fi masa sauƙi, domin wanda ake zagi ana tune da shi. Da ya tura ƙofa, yara suka dube shi kamar mai karanta mitar wuta, sannan suka shiga neman jakunkuna. Su ma ya yi musu nasu jawabin.

Washegari ya koma wurin dilan da ya sayar masa da baburin, ya ce ya zo duba sabon samfurin da aka kawo. Dila ya kwance leda yana zuba bayani: batir ya fi girma, caji ya fi sauri, tafiya ta kusa ninka ta wancan.

"Madalla," in ji Aradu. "Nisan zango shi ne komai. Na sha gaya wa mutane." Ya zagaya baburin, ya ƙwanƙwasa kujera, ya duba hagu da dama, sannan ya rage murya. "Shi wannan, yana ɗan yin ƙara? Wani abokina ne ke tambaya."

"Ina, Yallaɓai. Ai ya fi naka shiru. Ko jariri ba zai tayar ba."

"Haka nake so," in ji Aradu, ya fita kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Komawa fetur ba ta taso ba. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar layi ya yi wa hayaƙi jana'iza ba zai dawo yana tone kabarin ba, balle mataimaki na ɗaya yana nan da motarsa yana kallo.

Sauƙi ya zo ta inda bai zata ba. Wata yamma yana shiga kwanar layi sai tela ya wuce shi a kan tsohon baburin, yana tsaga unguwa da ƙarar nan da kowa ya sani. Aradu ya bi bayansa yana toshe hanci. Mai shago ya ɗaga hannu. Tsofaffin bakin bishiya suka gyara zama. Da ya buɗe ƙofar gidansa, sai ga kujera a kaɗe, ruwan shayi na tafasa, talabijin a kashe, yara sun duƙufa a kan littattafai. Jikinsu ne ya saba, ba su tsaya tambayar wa ke kan baburin ba. Aradu ya zauna, ya sha shayi, ya gaya wa uwargida cewa ya ji daɗi da jawabinsa na shekaranjiya ya shiga kunne.

Tun daga ranar, mai faci da ke kwanar layi ya samu abokin hira. Kullum da yamma farin babur zai tsaya a gefen rumfarsa, mai shi ya sunkuya a kan allo da fuskar likita.

"Ina auna yadda batir ke hutawa," yakan ce. "Ba kowa zai gane ba. Injin zamani kamar dokin sarauta ne, ba a shigar da shi gida da gumi."

Da zarar an jiyo aradu daga nesa, aunawa ta ƙare. Sai ya ɗare, ya bar tela ya wuce, ya sulale a bayansa, yana shaƙar hayaƙin da ya tsine wa a bainar jama'a. Kilomita ɗari da ashirin a cikin batir, amma ba ya iya cin ɗan layin nan sai da rakiya.

Tela, bawan Allah, ya ɗauka dace ne. "Kullum sai mun haɗu, Yallaɓai," ya ce wata rana suna jingine babura.

"Masu kiyaye lokaci dole su haɗu," in ji Aradu.

Uwargida kuwa tun kwana na biyu ta hango su ta taga, mai ƙara a gaba, mai shiru a baya yana maƙale kamar jela. Ba ta ce uffan ba. Ita ta samu gargaɗinta, shi ya samu girmansa, yara sun samu damar kashe talabijin a kan kari. Aure da yawa a kan irin wannan shirun suke tsaye, kuma ba su fi sauran rushewa ba.

Yau ne abin ya ɓaci. Tela ya tashi da mura, ya kwaso ɗinkinsa ya zauna a gida, bai ga dalilin neman izinin kowa ba. Aradu ya tsaya a kwana yana auna batir. Ya auna, ya sake aunawa. Ya yi wa mai faci bayanin nisan zango, ya yi wa wani mai jiran faci, ya yi wa wani da ya tsaya tambayar hanya. Inuwa ta miƙe. Mai faci ya kwashe tayoyinsa ya ce sai da safe. Aradu ya shiga layi shi kaɗai, shiru kamar tunani, ya tarar da gidansa yadda yake.

Sauran kuma tela ya ji ta bango.

Yana nan zaune da wando a cinya sai ya ji an buɗe ƙofar maƙwabta, an rufe a hankali. Takun ƙafa, da kacau-kacau na makullai. Aka ƙwanƙwasa. Tela ya share hanci ya buɗe. Aradu ne, biro uku a aljihu, ƙirji a gaba, idanu a kan wani abu da ke saman kan tela. Ya yi gyaran murya, ya dakata.

"Maƙwabci, na lura ba ka fita ba yau. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Yallaɓai. Mura ce."

"Ka sha magani, ka warke da wuri, sana'a ba ta son zama." Ya gyara makullansa. "Kuma daga gobe, in ba za ka fita ba ka riƙa sanar da ni. Baburin nan naka ya tsufa. Kullum sai na bar ayyukana na tsaya na raka ka gida, don kada ya mutu maka a hanya ba kowa a bayanka."