Gwagwarmayar Mansir da Dungulen Ƙanƙara

Bayan yabo ga Mahaliccin sanyi da zafi, wannan tarihin Mansir ne ɗan Ilu ɗan Tanimu Mai Tulu, zuriyar da ba ta taɓa shan ruwan ɗumi da gangan ba; Sadaukin Sashen Ilimin Ƙasa, Ma'abocin Kwamfuta Mai Tsagaggen Gilashi, wanda ya shekara uku yana lissafin ƙanƙarar ƙarshen duniya alhali ko sanyin Jos bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Da'awarsa ita ce, ƙanƙara mai nauyi takan danne ƙasa har ta lotsa, in ta narke kuma ƙasar ta riƙa tasowa sannu a hankali. Amma Farfesa Gwadabe mai duba aikinsa, ƙaƙƙarfan mutum wanda kujera kan yi kuka tun kafin ya zauna, ya rantse ba zai sa hannu a kundin digirin ba sai ya gani da idonsa. In babu hannun nan, wahalar shekara uku ta tashi a banza.

Ranar kare kundi, cikin zafin Afrilu, Sadauki ya yi ɗamara. Ya zare soso daga matashin matarsa Talatu, ya sayo dungulen ƙanƙara a bakin kasuwa, ya naɗe a buhu, ya haye acaɓa yana kururuwa: "Malam, ba ta wuta! Tana zuba!" Ƙarfe goma ya isa zauren taro, ya aza ta a kan soso, soso ya lotsa, zuciyarsa ta yi fari.

Sai dai ya manta da maƙiyi mafi girma, wato buɗe taro. Aka yi addu'a. Shugaban taro ya gai da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka aiko da uzuri. Babban baƙo ya ce ba zai tsawaita ba, ya yi minti hamsin. Mansir na kallon rundunarsa tana tsiyaya a ƙarƙashin tebur, idonsa ya cika da ƙwalla. Da aka kira sunansa dab da azahar, abin da ya rage bai fi goro ba, soso kuwa ya daɗe da tasowa babu wanda ya lura.

"Ina ƙasar da za ta taso, Mansir?" in ji Farfesa. "To, a tashi a yi salla."

Farfesa ya miƙe da ƙyar. Nan ne Sadauki ya hango katifar kujerar da ta sha danniya awa uku, ga rami kamar akushi, tana tasowa sannu sannu.

"Allahu akbar! Ga ta nan, ranka ya daɗe! Ai kai ne ƙanƙarar!"

Farfesa ya juya, ya tsura wa kujerar ido har ta cika. Sa'an nan ya sa hannu, bisa sharaɗin kada sunansa ya fito a babi na huɗu, inda ake jera hujjojin bincike.

Sadauki ya koma gida da nasara, ya tarar da Talatu a bakin ƙofa riƙe da rigar matashi fayau. Mako guda ya yi yana matashi da hannunsa.