Rasuwar Altine, Mai Tsaron Layin Albasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu masu zubar da hawayen da ba na yankan albasa ba ne, Inna Hindu ta Aliero, a madadin ƙungiyar manoman albasa na Aliero da Jega da Maiyama, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, Altine, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi, cikin tsananin zafin bazarar bana ta 2011, bayan jinyar da ba ta wuce kwana uku ba.

Kwamfutarta muka ce, amma a gaskiya ta ƙungiya ce, riƙo anka ba Inna Hindu. Sai dai matar da ta yi shekara huɗu tana share wa abu ƙura da gefen zanenta safe da yamma, ku je ku ce mata ba nata ba ne mu gani.

Marigayiyar ta iso Aliero ranar Litinin, shi ya sa anka raɗa mata Altine. Ba sabuwa ta zo ba, ta riga ta yi zama a wani gida. Malama Raihanatu, ɗiyar Inna Hindu mai koyar da ilimin kwamfuta, ita ta ɗauko ta daga Sakkwato, naɗe cikin bargo kamar mai masassara, anka girke ta a zaure.

Wanda bai san aikinta ba, to ya ji. Babbar mota guda za ta zo lodi zuwa Kudu, masu albasa hamsin na jira, albasa kuwa in ta kwana bakwai cikin buhu a rana sai dai a zubar. A da, da alli ake rubuta layi jikin bango. Bangon nan kuma yana da wata irin cuta: sunan mai buhu ɗari biyu kan hau sama da ƙafarshi, sunan mai buhu huɗu ya yi ta gangarowa. Azumi ta Jiga Birni, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona, shekara biyu a jere albasarta na ruɓewa bakin hanya.

Altine ce ta warkar da bangon. Malama Raihanatu ta zuba mata manhaja, wato umarnin da kwamfuta ke bi, irin wadda mutanen ƙasashe daban-daban sunka haɗu sunka rubuta don kowa, sunka bar rubutunta a buɗe: kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabci. Da anka yi wa Inna Hindu wannan bayani sai ta ce ashe irin albasa ne, to ita ba ta taɓa ganin manomin da ya ajiye irinshi wuri guda ba. Ta kafe sai an koya mata kwafa. Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Inna ke da ko lambar wayarki ba ki riƙe ba, amma dai ta ɗiga wa maɓallai uku lalle, ta ce danna wannan, sai wannan, sai wannan. Tun daga ranar, kowace Juma'a Inna Hindu kan kwafe manhajar da layin duka a faifai uku. Guda Jega, guda Maiyama, guda cikin kwanon da take ajiye irin albasa.

Dokar marigayiyar guda ce: wanda ya riga cire albasa shi ke riga lodi. Ita ke aika wa kowa lambarshi ta waya. Kuma ba a canja mata ko harafi sai an zauna ranar Juma'a bayan salla ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, Malama ta karanta gyaran da Hausa, a ɗaga hannu.

Za a daɗe ana tuna halayenta. Ba ta cin goro. Ba ta san Alhaji ba, ba ta san ɗan sarki ba. In an tashe ta da safe takan ce “tiiit”, sannan “ƙurrr, ƙurrr”, kamar tsohuwa mai gyaran murya, fankar cikinta kuma ta kama “fuuu” har magariba. Ba za mu ɓoye ba, tana da nawa. Inna Hindu kan kunna ta, ta shiga ta dama kunu, ta sha, ta dawo ta iske ta tana miƙa.

Ciwon ajali daga nesa ya taso. Labari ya zo cewa wani kamfani ya saye sunan manhajar, ya fito da sabuwa wadda anka rufe rubutunta, mai layin manya a ciki: wanda ya biya sai ya wuce gaba. Tsohuwar ba su da ikon ƙwacewa, don an riga an ba duniya ita. Alhaji Ɗanasabe, babban dillalin albasa na Jega, shi ya zama wakilinsu, ya zo zaman Juma'a da faifai mai ƙyalli. Ya ce sabuwar tana da sauri, tana da masu gyara, Malama kuwa mutum guda ce, in ta yi zazzaɓi fa? Ba duka ya yi ƙarya ba, har mutane sunka fara gyaɗa kai. Sai Gado na Maiyama ya tambaya ko Malama na iya karanta musu cikin sabuwar kamar yadda anka saba. Alhaji ya ce sirrin kamfani ne. Gado ya ce to Alhaji, bangonmu na da ne anka shafa wa fenti. Anka ɗaga hannu, masu ƙi sunka rinjaya da mutum huɗu.

Alhaji bai yi fushi ba. Ya durƙusa gaban Inna Hindu ya ce Inna, ran Litinin zan biyo, gwaji kawai za mu yi, ko minti biyar. Malama kuma washegari za ta Zariya kwas na mako biyu. Alhaji aminin marigayi maigidan Inna Hindu ne, ta san bakinta ba ya iya ce mishi a'a.

Nan ta yi dabarar da har gobe take kuka a kanta. Ta ce wurin da albasa ke wata huɗu ba ta lalace ba, ga inuwa ga iska ta ƙasa, ai ya fi ko'ina lafiya. Ta sa Muhammadu mai gyaran rediyo ya ja waya har bayan gida, anka shigar da Altine cikin rudu, rumbun karan da ake adana albasa, anka zagaye ta da albasa har wuya.

Ran Litinin Alhaji ya iske zaure wayam. Inna Hindu ta sadda kai ta ce Altine ta yi 'yar tafiya. Ba ta rufe baki ba wayar Alhaji ta yi ƙara cikin aljihu. Saƙo ne daga mai tafiya: shi ne na sittin da uku.

Kwana tara marigayiyar ta yi tana aiki cikin rudu ba ƙorafi. Abin da Inna Hindu ba ta sani ba, fankar nan shaƙar iska take, tana shaƙa har da busasshen ɓawon albasa. Sai “fuuu” ta koma “fir, fir”. Daga nan “ƙit… ƙit”. Inna Hindu ta yi mata fifita da maficinta, ta rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofar rudu. Ranar Laraba ta ce “tiiiiit” mai tsawo guda, ta yi shiru. Da Malama ta dawo ta buɗe cikinta, ɓawon da ta kwaso ya cika tafi biyu. Ta dubi uwarta, uwarta ta dubi ƙasa.

Alhaji Ɗanasabe ne ya fara zuwa gaisuwa, da sabuwar kwamfuta bayan mota. Ya ce Allah ba da haƙuri, tunda layi ya mutu da mai shi, sai a sake sabon lale. Masu buhuna kaɗan sunka yi tsuru-tsuru. Inna Hindu ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon iri, ta buɗe gabanshi, sai ga faifai kwance ciki. Ashe ko Juma'ar ƙarshe sai da ta rarrafa cikin rudu ta danna maɓallan lalle.

Marigayiyar ta bar faifai uku, duk cikin ƙoshin lafiya, da allo mai tsaguwa a gefe, da janareton da ya yi mata hidima yana tari. Ta bar kwana biyar da ba a kwafe ba, don haka duk wanda ya cire albasa tsakanin Juma'a da Laraba ya zo da shaidu biyu, ban da ƙanenshi. Tunda kamfani ya saye sunan manhajar, za a raɗa mata sabo a zama mai zuwa. Sabuwar kwamfutar Alhaji kuwa, ƙungiya ta ce in sadaka ce an karɓa, muddin abin da za a zuba mata ana iya karanta shi ƙarƙashin dogonyaro.

Liman Waliyyu ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Inna Hindu ta ce ita ma ba ta nema ba. Ba za a binne gawar ba, za ta zauna a zaure lulluɓe da bargon da ta zo cikinshi. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan salla, akwai kunu, kowa ya zo da tabarmarshi, kuma a taimaka kada a zo da albasa. Za a karɓi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, bisa layin da marigayiyar ta bari. Ana sanar da Alhaji Ɗanasabe cewa ya matso, yanzu shi ne na arba'in da ɗaya. Ya tsaya bayan Azumi.