Gilashin Motar Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da makon da Kawu Sale ya damƙa mini makullin motarsa ba. Yayan mahaifiyata ne, shi ya kawo ni Dubai ya zaunar da ni a ofishinsa na kago, wato jigilar kaya, a Deira, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya ba da aron mota. Ranar da zai tafi Kano ya miƙo mini makullin ya ce, "Amana ce, ka riƙa ɗumama ta." Na fahimci zancen sarai: idan na riƙe mota lafiya, ofis ne zai biyo baya.

Motar kuwa abin kallo ce. Tana ganin layin titi da kanta, tana karanta allunan hanya, idan ka matsa wa motar gabanka sai ta yi maka tsawa. (Ni da na koyi tuƙi da wata akori-kura a Dakata wadda sai an tura take tashi, har sallama nake yi kafin in shiga wannan.)

Kwana na uku, na fito daga sallar azahar a Al Rigga na tarar ta sha rana har sitiyari ba ya taɓuwa. Na shiga na ƙure esi. Ina zaune ina kallo wani siririn layi ya taso daga ƙarƙashin waifa, ya yi ta tafiya a hankali kamar tururuwa, har ya tsaya daidai saitin idona. Na goga da hannun riga. Na tofa yawu na sake gogawa. Tsaga ce a gilashin.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in kai ta gareji, ko in kira masu zuwa su same ka inda kake su canja maka gilashi. Garejin da ke kula da motar yana Al Qusais, kuma babban bakaniken wurin Malam Idi ne, aminin Kawu tun suna yara. Na san kafin in kashe inji labari ya isa Kano. Don haka na kira masu zuwa gida.

Wanda ya ɗauki wayar ya tambaye ni ko akwai kyamara a bayan madubi. Na ce akwai. Ya ce to irin wannan ta fi son gareji, domin idan aka canja gilashi sai an sake saita kyamarar a wuri na musamman. Na ce ba ni da lokaci, su dai zo. (Lokaci nake da shi har da na bayarwa. Malam Idi nake gudu.)

Washegari da safe suka iso wurin ajiye motoci na ƙasan gidanmu, su biyu, da farar mota wadda cikinta ya fi ɗakina tsari. Na tsaya baki buɗe. Suka zagaya tsohon gilashin da wata siririyar waya suka yanke shi ba tare da ko ƙwarzanen fenti ba, suka shimfiɗa baƙin gam a miƙe tsaf, suka ɗauko sabon da wasu faifan roba masu tsotsa suka ajiye shi a mazauninsa sau ɗaya tak. Babu guduma, babu "riƙe mini nan". Wallahi har tafi na so in yi musu.

Babban nasu ya manna shuɗin salatif a gefe biyu, ya nuna kyamarar da yatsa ya ce, "Habibi, wannan sai gareji. Yanzu idonta ba daidai yake ba." Na gyaɗa kai irin na mai hankali. Kwana biyu bayan nan na ɓare salatif, na goge wurin tas, na ce a raina ai mota ba ta magana.

Ranar da Kawu ya dawo na je filin jirgi tarbarsa. Ya tsaya a gaban motar ya ɗan jima yana kallo, sannan ya shiga.

"An dawo lafiya, Kawu?"

"Lafiya lau. Yaya motar?"

"Ƙalau take. Yadda aka bar ta haka take."

Muna hawa babban titi ta fara tona ni. Ina tsakiyar layina amma sitiyari na fizga dama. Na dawo da shi, ta yi ƙara, ta sake fizga. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana. A ƙarƙashin wata gada kuma, babu kowa a gabanmu, ta taka birki da kanta har hular Kawu ta faɗo cinyarsa. Ya ɗauka, ya karkaɗe, ya mayar.

"Ka tabbata ba abin da ya same ta?"

"Ko kusa, Kawu. Wataƙila zafi ne."

"To. Yalla, mu je, kai mu wurin Idi."

Ban taɓa shiga cikin garejin ba sai ranar. Ƙasa a shafe sumul, fitilu ko'ina, ga wasu manyan alluna masu zanen baƙi da fari da ake kafa wa mota a gaba tana kallo, kamar mai gwajin ido a asibiti. Duk da fargabar da nake ciki sai da na shagala da kallo.

Malam Idi ya rungumi Kawu, ya zagayo ya shafa gefen gilashin da yatsa. Sai ya yi turus.

"Alhaji, wa ya riga ni? Ga gilashinka can tun makon jiya ya iso." Ya nuna wani akwatin katako a jingine, da sunan Kawu ɓaro-ɓaro a jiki.

Ashe tun kafin tafiyarsa tsakuwa ta doki gilashin a hanyar Sharjah, ta bar ɗan tabo a ƙarƙashin waifa. Kawu da kansa ya sa aka yi odar sabo, da niyyar a canja idan ya dawo. Laifin da na ɓoye har da ƙarya biyu, ba ma nawa ba ne. Na ji kamar in shige ƙarƙashin motar, amma akwai mutum a wurin yana aiki.

Kawu bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duk na'urorin wurin ba ni mamaki. Cewa ya yi, "Tun a filin jirgi na nemi tabon ban gani ba. Na ba ka daga can zuwa nan ka faɗa mini." Ya karɓi makullin daga hannuna ya miƙa wa Malam Idi. Cikin awa ɗaya aka saita wa mota idonta, ta koma garau. Ni kuwa maganar ofis ba a sake tayar da ita ba a shekarar.

Yanzu idan wani ya tambaye ni shawara, cewa nake yi masu zuwa gida gwanaye ne, amma mota mai kyamara a kai ta gareji. Kuma duk abin da ya lalace a hannuna, mai shi nake fara kira, don wataƙila shi ya fara fasa shi. Jiya ma butar shayin ofis ta ƙone, na buga wa Kawu waya yana tsakiyar ciniki. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, na ji, na yarda da kai. Don Allah ka bar ni in yi aiki."