Rami na Takwas

"Lafiya lau muka wuni, ganinka ne dai ya ɓata mini yamma," in ji kakata, tun ban sauke kwalin da ke kafaɗata ba. "Maigida, yau kuma me aka kwaso? Mijin da sai ya shekara bai kawo ko allura ba."

"Kunne na sayo miki, amarya, tunda naki sun yi ritaya." Da ƙarfi na faɗa, kamar yadda duk gidan muka saba.

Ƙarfe huɗu da minti goma ne. Huɗu da rabi za a nuna Auta, ƙanwata mai aikin jinya, a shirin kiwon lafiya. Karon farko ke nan da za ta fito a talabijin, kuma minti biyar kacal aka ba ta. Kaka ce ta goye ta. Wata takwas tsohuwar nan tana kallon motsin bakin mutane kawai, ko an ƙure ƙarar akwatin har ɗari ba ta kama komai, amma ta rantse kunnenta garau yake, 'yan zamani ne ke magana ciki-ciki. Shi ya sa na zo da lasifika biyu da waya uku.

Na yaye ƙyallen da take rufe akwatin da shi, na juya bayansa, na ƙirga ramuka: bakwai. Na ce minti huɗu sun ishe ni. Ta ce kakana ma haka ya faɗa ranar da zai gyara ƙofar ɗaki, ga ta nan har yau da dutse ake tare ta.

Na sa ja a ja, fari a fari. Shiru. Na koma jeri na biyu. Shiru. Minti goma sha biyar suka tafi kafin na gane duk bakwai ɗin na shigarwa ne, babu na fitar da sauti ko ɗaya.

"Akwatin nan sa'anki ne," na ce. "Yana karɓa, ba ya bayarwa."

"Ragon miji ba ya rasa abin ɗora wa laifi. Ka sake ni kawai, manema goma na layi."

"Goman nan, haƙoransu gaba ɗaya ba su kai goma ba. In ta ƙi, ki yi haƙuri da hoton, ai gani ya kori ji."

"Fuskarta na sani tun tana tsumma. Abin da za ta ce nake so."

Wannan ba da wasa ta faɗa ba. Saura minti huɗu. Na fara lissafin kai ta gidan maƙwabta: taku sittin, da sandarta minti shida ne.

"Ramuka nawa ka ce?"

"Bakwai. Sau uku na ƙirga."

"Takwas ne."

"Tsohuwa, ke da ba ki san gaban rimot da bayansa ba?"

"Shekara shida nake share masa ƙura kowace safiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Matsa."

Ta dogara sandarta ta iso, ta zaro tsinken tsifar kanta, ta laluba gefen akwatin daga ƙasa ba tare da ta duba ba. Sai ga ɗan dunƙulen auduga, ya yi baƙi har ya saje da robar. Wai shekarar da aka kawo akwatin zanzaro ya fara gini a ramin, ta kankare ƙasar ta toshe shi, yadda take toshe kowace kafa a ɗakinta.

Ɗan ƙaramin rami ne, irin na abin sawa a kunne. Waya ta uku ta shige ɗas. Muryar Auta ta cika ɗakin, har faranten da ke kan kabad suka amsa. Daƙiƙa arba'in muka rasa.

Kaka ta zauna, haɓa bisa sanda. Minti huɗu da 'yan kai ba ta zage ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Da Auta ta yi sallama, Kaka ta goge ido da bakin mayafi.

"Rage ƙarar nan, ni ba kurma ba ce."

"Na rage. Kuma takwas ne, na sallama."

Ta yi dariya, ta kamo hannuna ta danƙa mini audugar.

"Ga ladan aikinka, maigida. Ka riƙe da kyau, ƙwaya ɗaya ce, kada ka ƙirga ta ba daidai ba."