Alwalata a Bakin Tekun Legas

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa teku wa'azi, ita kuma ta ba ni amsa a gaban surukina.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, ni kuma ina ɗan malamin firamare a Daura, sabon ango, ina ji da kaina da ɗan karatun addinin da na yi. Mahaifin matata Hajara, wanda muke kira Baba Alhaji, fataucin shanu yake yi daga Mai'adua zuwa Legas, har ya yi gida a Agege. Da aka ba mu dogon hutu sai ya aiko mu je mu ga gari. Ni da ko Kaduna ban taɓa wucewa ba!

Legas ta rikita ni. A motar haya guda sai ka ji Yarbanci a gaba, Inyamuranci a baya, ga wani yana Faransanci a waya, ga kwandasta rataye a ƙofa yana zagin kowa. Masallaci da coci suna kallon juna, babu wanda ya kula. Amma fa ban nuna ƙauyanci ba. Duk abin da aka nuna mini sai in gyaɗa kai in ce, “E, na karanta shi a littafi.” (Allah na tuba, rabinsu ko sunansu ban taɓa ji ba.)

Ranar Lahadi Baba Alhaji ya ɗauke mu zuwa bakin teku. Kafin mu fita na cika cikina da dafa-duka da soyayyen kifi, har sai da na sassauta tazugen wandona a ɓoye. Da muka isa kuwa, na ga ruwan da ba shi da ƙarshe, gabana ya faɗi, amma bakina bai yi shiru ba. La'asar ta yi, Baba Alhaji ya fara neman mai sayar da ruwan leda. Sai na gyara murya.

“Baba, ai ba sai an saya ba. Ruwan teku mai tsarki ne, malamai sun halatta alwala da shi.”

Ya ce, “Haka ne, Malam. Sai dai ruwan nan bai san malami ba. A yi hankali.”

Na tuɓe doguwar rigata na miƙa wa Hajara, daga ni sai 'yar shara da wando. Na taka har bakin ruwa na tsuguna. Don in tabbatar suna kallona kuma, sai na fuskance su, na ba wa teku baya. (Ka ji wautar a nan.)

Ina cikin kurkurar baki, gishiri na ƙona mini maƙogwaro ina daurewa, sai na ga Hajara ta ɗora hannu a ka. Ban kai ga waiwayawa ba na ji kamar katanga ta faɗo mini. Ruwa ya ɗaga ni, ya mirgina ni, ya cika mini hanci da yashi. Na yi salati ta ciki, na haƙiƙance kwana ya ƙare. Da ruwan ya ja baya ya bar ni rub-da-ciki, na gode Allah, sannan na ji wani sanyi inda bai kamata in ji ba. Wandona ya tafi. Ina hango shi yana lilo can kan kumfa.

Na zauna daɓas, na dinga tara yashi ina binne cinyoyina, ga wata igiyar ruwan tana tahowa. In tashi, kunya. In zauna, mutuwa. Jama'a sun fara taruwa.

Wata Bayarabiya mai sayar da kwakwa ce ta rugo, ta kwance zanenta na sama ta yafa mini. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, “Taashi, aboki! Kunya ba ya kase mutum, ruwa yana kase!” Ta ɗaure mini shi a ƙugu tamau, ta ja ni tudu kamar akuya.

Na ɗaga ido da ƙyar ina neman surukina. Ashe tuni ya juya mini ƙeya, ya ƙura wa wani jirgin ruwa ido can nesa, yana cewa da ƙarfi, “Kai, Hajara, dubi girman jirgin nan! Ko me ya ɗauko?” Bai waiwayo ba sai da na zura rigata a kan zanen. Haka na yi La'asar, haka na hau mota har Agege, gefen zane mai furanni yana leƙowa ta ƙasa, Hajara ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta na rawa don dariya.

Washegari na mayar wa matar zanenta, wankakke. Ta ƙi karɓar komai, sai ma ta fasa mini kwakwa ta ce in sha in wanke gishiri. Baba Alhaji kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Su biyun nan ba na sallah in manta da su a addu'a.

Ni dai na koyi darasi: fatawa daban, hankali daban. Kuma duk wanda zai yi wa surukinsa gwaninta, to ya fara ɗaure tazuge.